Darasi na 7: Abin da Yaro Ke Koya a Wajen Wasa

Idan aka tambayi uwa a Limawa ko Kpakungu ina ɗanta mai shekara 4, amsar da aka fi ji ita ce, "Yana waje, ba abin da ya iya sai wasa." Uba kuma in ya dawo daga kasuwa ya tarar da yara sun yi buɗu-buɗu da ƙasa, kafin ya ajiye ledar hannunsa ya ce, "Ku tashi ku ɗauki littafi." Dukansu son yaron ne ya sa su faɗin haka. Sai dai sun ɗauka cewa sai wasa ya ƙare koyo ke farawa, kuma a nan kuskuren yake. Yaron da bai kai shekara 6 ba, galibin abin da zai dogara da shi a aji da kasuwa da zaman aure, a wajen wasa yake fara samunsa. A wannan darasi za mu duba yadda hakan ke faruwa, da ɗan aikin da ya rataya a wuyan babba.

Tun yana goye

Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba. Kafin ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A shekarun farko ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙulla hanyoyi a tsakaninsu da saurin da ba za a sake samun irinsa ba a rayuwar mutum. Masanan Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Hanyar da ake yawan bi tana ƙarfi, wadda aka bari tana shafewa.

Me ke sa a bi hanyar? Amsawa. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta maimaita masa. Ya miƙa hannu wajen ludayi, ta ce, "Ludayi kake so? Ungo ludayi." Ya jefar, ta ɗauko, ya sake jefarwa yana ƙyalƙyala dariya, ta sake ɗaukowa tana cewa, "Kai, maigida, ka gajiyar da ni." A idon mai wucewa ɓata lokaci ne. A wurin jaririn kuwa ya gano abu uku a zama ɗaya: abin da aka saki ƙasa yake zuwa, wannan abin yana da suna, kuma idan na yi motsi akwai wanda zai kula. Haka nan wasan da kaka ke yi, ta rufe fuska da mayafi ta buɗe. Wajen wata 8 jariri ke fara riƙe cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan bai gushe ba, shi ya sa a daidai wannan lokaci wasan ya fi ba shi dariya, kuma a daidai lokacin ne ƙiwa ke tsananta.

Akwai wani bincike da ya dace kowane mai reno ya sani. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129, masu wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin isasshen abinci ya tsumburar da su. Aka kasa su gida huɗu. Kashi na farko ana ba su madara duk mako. Kashi na biyu ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Kashi na uku suka sami madara da wasa duka. Na huɗu kuwa kulawar asibiti kawai aka ba su, wadda kowa ke samu. Aka yi shekara 2 ana haka, sannan aka daina.

A ƙarshen shekara biyun, madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda suka sami duka biyun su suka fi kowa ci gaba. Amma da aka ci gaba da bin sawun yaran, sai tasirin madarar ya riƙa dushewa, na wasan ya tsaya. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo su, a wani aiki da masanin tattalin arziki James Heckman ya sa hannu a ciki, aka buga sakamakon a 2014. Waɗanda aka koya wa iyayensu wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsararrakinsu da ba su taɓa tsumburewa ba. Kada wani ya fahimci cewa abinci ba shi da muhimmanci. Yaro mai yunwa ko wasan ba ya iyawa. Abin lura shi ne kayan aikin: robar da aka gama da ita, murfin kwalba, tsumma, da uwa wadda aka nuna mata cewa surutun da take wa ɗanta ba shirme ba ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya gagari gidan haya a Maitumbi.

Tuwon ƙasa

Ku tsaya wata rana da la'asar ku kalli 'yan mata uku suna tuwon ƙasa a gindin katanga. Babbar cikinsu ta jera duwatsu uku ta ɗora gwangwanin tumatir. Ta ce wa ta biyu, "Ke ce 'yata, je ki kasuwa." Ta tsinko ganyen darbejiya guda biyar ta damƙa mata: kuɗi ke nan. Ta uku ta baza yashi da tsakuwa a kan kwali, ta zama mai awo. Aka yi ciniki, aka ce "albarka," aka ƙara ganye ɗaya, aka sallama. 'Yar aike ta dawo, uwar gida ta duba ta ce, "Ina canjina?" da irin muryar da za ku rantse kun san mai ita. Idan ƙaramar ta manta ta kai tuwon bakinta da gaske, sai a kwaɓe ta: "Ba a ci, yi ake kamar ana ci." Idan yarinyar Gwari ce a cikinsu, za ku ga ta saɓa ƙwaryar kayanta a kafaɗa, yadda ta ga mata suna shigowa da doya Kasuwar Gwari.

Abu na farko da ke faruwa a nan ya shafe ku kai tsaye, ku da kuke koyon karatu da girmanku. Ku tuna wahalar makonnin farko, lokacin da aka ce wannan ɗan zane a allo shi ne "ba," wancan shi ne "ka," alhali babu abin da ya haɗa zanen da sautin sai yarjejeniya. Yarinyar da ta yarda ganye kuɗi ne, gwangwani tukunya ce, tana horar da kanta a kan wannan yarjejeniyar: abu ya tsaya a madadin wani abu. Ranar da aka nuna mata harafi da lamba, ba baƙon tunani za a kawo mata ba.

Abu na biyu shi ne doka. Mutane suna zaton wasan kwaikwayon yara sakaka ne, kowa ya yi abin da ya ga dama. Masanin halayyar yara na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna akasin haka. Wadda ta zama uwa dole ta yi abin da uwa ke yi. Ba ta da damar fashewa da kuka don an hana ta gwangwani. Mai awo ba za ta bar kayanta ta bi malam-buɗe-littafi ba. Yaro yana ɗora wa kansa takunkumin da in babba ne ya ɗora masa, da rigima za a yi. Wata mai bincike a can Rasha, Manuilenko, ta gwada wannan a 1948. Ta ce wa ƙananan yara su tsaya cik ba motsi, ba su daɗe ba suka fara mutsu-mutsu. Da aka mai da abin wasa, aka ce kai ne mai gadin ƙofa, sai yaran nan suka daɗe a tsaye fiye da da, nesa ba kusa ba. Wannan iya riƙe kai shi ne abin da malamin aji ɗaya ya fi bukata daga ɗalibi, fiye da haddar ABCD: ya zauna, ya saurara, ya jira a zo kansa.

Na uku, sulhu. Kafin a fara, sai an yi gardamar wa zai zama uwa. Wadda ta cika son kai za ta waiwaya ta ga an watse an bar ta da duwatsunta. Gobe za ta sassauta. Ni a ganina iyaye suna saurin shiga irin wannan gardama. In ba a kai ga duka ko cizo ba, a ɗan ja baya a ga yadda za su ƙare.

Hannu, ƙafa da lissafi

Wasanninmu na dandali kowanne da abin da yake ginawa, ko da waɗanda suka ƙirƙiro su ba su zauna sun tsara hakan a takarda ba. A langa yaro yana riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, yana kare ɗan wasan ɓangarensu da ake kira "ruwa" har ya kai wurin sha, yana kuma lura da wanda ke shirin ture shi. Ƙarfin cinya ke nan, da daidaita jiki, da aiki tare. Langa ta kai matsayin da ake gasarta a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa. A carafke yarinya tana jefa dutse sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe na saman kafin ya faɗi, da farko ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku. Ido da yatsu suna koyon tafiya tare, ga ƙidaya rukuni-rukuni, wadda ita ce tushen sau da rabawa. Yatsun da suka saba da carafke da murɗa waya da mulmula laka ba sa shan wahalar riƙe fensir.

Jini-jini kuwa, jagora yana kiran sunayen dabbobi da sauri. In ya kira wadda ake ci a amsa, in ya kira wadda ba a ci a kame baki. Bakin ya riga ya saba da amsawa, sai ga kare ya faɗo a tsakiyar akuya da tunkiya. Wanda ya iya tsayar da harshensa a wannan ƙiftawar ido ya tsira, wanda ya zarce ya sha ranƙwashi. Masu nazarin yara a yau suna amfani da wasanni masu irin wannan tsari don auna yadda yaro ke iya danne abin da ya zo masa a baki. Dara ta fi ƙarfin ɗan shekara 4, amma ku bar shi ya tsuguna kusa da masu yi. Ramuka 30, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, ana neman jera uku a layi. Tun yana tona ramukan da tsinto tsakuwa ana koya masa ƙirga.

A 2008 wasu masu bincike biyu a Amurka, Geetha Ramani da Robert Siegler, sun ba 'ya'yan talakawa masu shekara 4 zuwa 5 wani wasa mai sauƙi: gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10, yaro yana matsar da ɗansa gida ɗaya ko biyu yana faɗin lambar da ya taka. Zama huɗu kawai aka yi, kowanne kimanin minti 15 zuwa 20. Yaran suka fi takwarorinsu gane lambobi da sanin wacce ta fi wacce, kuma da aka sake gwada su bayan makonni abin bai gushe ba. Waɗanda aka ba irin allon amma da launuka a maimakon lambobi ba su sami wannan ci gaban ba. Kwalin taliya da gawayi sun isa a yi irinsa a gida.

Sai ƙere-ƙere. Yaron da ke haɗa mota da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya huda da ƙusa, ya ga motar tana karkata, ya kwance ya sake, yana yin abin da ɗaliban injiniya ke yi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano: gwaji, kuskure, gyara. Motar roba ta kanti an gama mata komai, ba ta bar masa aikin yi ba sai ya fasa ta ya ga cikinta, mu kuma mu ce ɓarna. Ku ciro takardar naira 20 ku duba bayanta. Matar da ke gina tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali, 'yar Gwari, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da ake kira Abuja a lokacin, wato Suleja ta yanzu, daga nan aikinta ya kai Turai da Amurka. Kafin duk wannan, yarinya ce da aka bari ta taɓa yumɓu.

Baki

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya tara wa jama'a tun farkon ƙarni na 20, kuma tun da ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976 ake ta ƙaruwa. A gidan haya ɗaya a Tunga ko Bosso sai a sami Banufe da Bagware da Bahaushe da Bayarabe da Ibo. Iyayen kan yi shekaru suna gaisuwa da guntun harshen juna. 'Ya'yan kuwa, a tsakar gida ɗaya, kafin su shiga firamare sun iya faɗa da sulhu da harshe biyu ko uku, ba wanda ya biya ko kwabo. Wasu iyaye suna tsoron harsuna da yawa za su rikita yaro. Ba sa rikita shi. Zai gauraya su na ɗan lokaci, daga baya ya raba kowanne da mazauninsa.

Tatsuniya, kacici-kacici da karya-harshe su ma wasa ne, na baki. Yaron da ke sauraron yadda Gizo ya yaudari Kura yana riƙe abin da ya faru da farko, yana hasashen abin da zai biyo, yana kuma shiga zuciyar wani ya ga abin da shi Gizon ya sani wanda Kura ba ta sani ba. Fahimtar karatu ba ta wuce haka ba. Idan kuna ba da tatsuniya, ku riƙa tsayawa kuna tambaya, "To, me kake jin zai yi?" Wata rana kuma ku ce shi ya ba ku, ko da zai haɗa kai da gindi. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya gina Magana Jari Ce a kan hikimar da kowace kaka ta sani, cewa mai sauraron labari ba ya son tashi. Ku da kuka fara iya karatu, shafi ɗaya da dare a bayyane, yaro na jingine da ku, ya amfane ku ya amfane shi.

Masu ganin wasa sakarci ne da bai dace da gidan tarbiyya ba, su tuna abin da ya tabbata a hadisi. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗin cewa hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dusashe basirarsa. Dokar zamani ma ta zo a kan haka: sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, da dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003, duk sun lissafa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro. Tun daga 2024 ma an ware ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya.

Makarantar 'yan dagwai-dagwai

A nan ne nake ganin muka fi cutar kanmu, kuma da kuɗinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce a koyar da yaran wannan mataki ta hanyar wasa. Ba sabon ra'ayi ba ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, da waƙa da tubalan katako da lambu ya fara. Amma ku leƙa azuzuwan nazare da yawa a garin nan. Yara 'yan shekara 3 a jere kan benci tun ƙarfe takwas, ana ta rera musu abin da ba su san ma'anarsa ba, an damƙa musu fensir su cika shafi da lamba 1 zuwa 50. Wanda ya motsa a daka masa tsawa.

Kafin mu zargi malamai mu tambayi kanmu. Mai makaranta ya san abin da ke kawo masa ɗalibai. Uwa ce ke zuwa ta ce, "Anti, yau ba a ba shi aikin gida ba." Uba ne ke buɗe jaka, in bai ga rubutu ba ya ce kuɗinsa ake ci a banza, zangon gaba ya mai da yaron inda ake cika littafi. Aikin gidan kuma kowa ya san wanda ke yin sa: yayarsa ce ke kama hannunsa, ko ta rubuta da hagu don ya yi kama da nasa. Hujjar da ake kawowa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karyawa yake yi. Ƙananan tsokokin yatsun ɗan shekara 3 ba su gama ƙwari ba. Abin da ya fi saurin koya daga wannan wahala shi ne makaranta wurin tsoro ce, shi kuma daƙiƙi ne.

In za ku zaɓa wa yaro makaranta, ku je ana tsakiyar darasi, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. Ku duba ko akwai fili, ko yashi, ko inuwar da yara ke gudu. Ku saurara ku ji muryar wa ta fi yawa, ta malama ko ta yara. Ku ga ko akwai abin taɓawa, ko da murafan kwalba ne da 'ya'yan tsamiya. Ajin da yara ke tambaya ya fi ajin da ya yi tsit.

Waya ita ce ɗaya matsalar. Yaro na kuka, ana aiki, sai a miƙa masa ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, a rarrabe. Illar waya ba wani siddabaru ba ne: ba ta amsa gwarancin yaro, ba ta gardama da shi, kuma awannin da ta cinye daga na gudu da hira aka zare su. Wayar da ke hannun babba ma tana da nata laifin, in yaro ya yi ta kira ba a ɗago kai ba.

Inda ake wasan

Barin yaro ya yi wasa ba sakin sa ba ne. Da damina manyan magudanun ruwan Minna suna cika cikin 'yan mintoci, ko da a wata unguwa aka yi ruwan. Akwai titin jirgi da ya ratsa gari, ga 'yan acaba da Keke Napep a lunguna, ga rijiya marar murfi, ga bokitin ruwa wanda ya isa ya halaka mai rarrafe. Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. A 2015, a wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, ciki har da Shikira, yara 28 suka rasu saboda gubar dalma, bayan irin wannan annoba ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Masu haƙar zinariya ne ke kawo duwatsu gida ana dakawa, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, yara su yi wasa a wurin su kai hannu baki. Duk gidan da ke da mai zuwa haƙar ma'adini, kada a kawo dutsen gida, kada a shigo da kayan aikin inda yara suke, a kuma wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci. Haka tsohon batirin mota ba abin wasa ba ne.

Tun bayan sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu na 2021, da na 'yan Islamiyya a Tegina a watan Mayu na shekarar, iyaye da yawa sun ƙara kulle ƙofa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Dandalin dare ya ja baya. Abin da wasu maƙwabta ke yi shi ne karɓa-karɓa: yau yaran layi a tsakar gidan wance, gobe a na wance, babba ɗaya yana zaune yana tsinke zogale yana sa ido. Yaran da rikici ya koro daga ƙauyukan Shiroro zuwa Kuta da Gwada da cikin Minna kuwa, za ku iya ganin suna wasan 'yan bindiga, wannan ya saɓa kara, wancan ya ɓuya, a maimaita yau a maimaita gobe. Kada a doke su a kan haka. Yaro ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ya gani, da wasa yake fitar da shi. A zauna kusa, a tambaye shi a hankali me ke faruwa a wasan. Wanda ya kamata a fi damuwa da shi shi ne yaron da ya daina wasa ɗungurungum, ya koma gefe ya yi shiru. Irin wannan a kai shi ga ma'aikacin lafiya, domin ciwo ko yunwa ko firgici na iya zama sanadi.

A lura da 'ya mace. Ita ake fara janyewa daga wasa: goyon ƙane tun tana shekara 6, wanke-wanke, talla, yayin da ɗan'uwanta ke bin ƙwallo har magariba. Taya aiki tarbiyya ce, ƙananan yara ma suna son a ba su ɗan tsintsiya su yi kamar manya. Amma a raba aikin tsakanin maza da mata, a bar mata rabonta na yini. Iyaye maza kuma, wasa da yaro ba ya zubar da girma. Minti goma bayan sallar isha, ka zama doki ya hau, ko ka zama mai sayen tuwon ƙasa ka taya ka biya da ganye.

Tambayoyi da aikin mako

1. A binciken Jamaika, me ya bambanta kashi huɗun, kuma me aka gani bayan shekara 20?
2. Ta yaya ɗaukar ganye a matsayin kuɗi ke shirya yaro ga karatu?
3. Wane wasa kuka yi da ƙuruciya wanda ba ku ganin yara suna yi yanzu? Ku bayyana wa aji dokokinsa, da Hausa ko da harshen da kuka yi shi.
4. Maƙwabciyarku ta ce za ta cire ɗanta mai shekara 3 daga makaranta don ba a ba shi aikin gida. Me za ku ce mata?

A wannan mako ku sami kwali ku zana gidaje goma a jere, ku rubuta 1 zuwa 10 da hannunku. Ku ɗauki murfin kwalba biyu a matsayin 'ya'ya, da tsabar kuɗi ko wani murfin da za a riƙa jefawa: fuska ɗaya taki ɗaya, ɗaya fuskar taki biyu. Ku yi wasan da yaro mai shekara 4 ko 5, kowa yana faɗin lambar gidan da ya taka da ƙarfi. Ku rubuta jimla uku a kan abin da yaron ya yi ko ya faɗa, ku zo da kwalin da rubutun a zama na gaba.